Ranar Da Ba A Katse Malam Manniru Ba

Duk wanda ya san Malam Manniru a Abuja, da abu guda ya san shi: mutum ne da ba a taɓa bari ya ƙarasa magana ba. Wasu da digiri suke taƙama, wasu da fili a Maitama, shi kuwa da katsewa. Shekara biyu ke nan yana cin wannan suna, kuma ya karɓe shi, don har tumbi ya ajiye.

Kowace Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe yakan hau wani bene a Area 8 da ke Garki, ya ratsa ta gaban masu fotokwafi, ya shiga ɗakin da aka liƙe wa kwalayen ƙwai a bango, wanda mai wurin, Oga Nicholas, yake kira situdiyo ba tare da ya ji kunya ba. Sunan tashar Kunnen Gari. Ba ta da eriya, ta intanet ake jin ta, kuma duk mako kiɗa ne ke ta juyawa da kansa, in ban da shiri ɗaya da ake yi kai tsaye, wato na Malam Manniru, mai suna Sai Na Faɗa. Awa guda aka ware masa. Bai taɓa cin minti goma ba.

Yadda abin yake tafiya kowa ya haddace. Zai buɗe da gaisuwa, ya gai da direbobin hanyar Kaduna, da masu siminti na Dei-Dei, da ma'aikatan da ke sauraro a ɓoye ƙarƙashin tebur. Sannan murya ta fara hawa. Ko da farashin tumatir ya faro, ko da fitilun titi, ƙarshenta a kan kwalbati yake sauka, kwalbatin da aka rubuta an gina alhali ba a gina ba. Tsohon akawu ne a wani ofishin ayyuka, don haka mutane suka ɗauka ya san cikin lamarin. Sai ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya kaɗa ta a bakin makirfo yadda kowa zai ji ƙararta, ya ce, "Sunaye uku ne a nan. Yau sai na faɗa!" Daga nan, ko kafin nan da kaɗan, ko bayan ya yi tari biyu ya kurɓi ruwa, sai ɗif, tashar ta mutu gaba ɗaya. Shi kuma ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya dangwarar a tebur, ya ce, "Sun sake." Ba ya yarda a tayar da tashar ya ci gaba. Cewa yake shi ba ya roƙon makirfo.

Su wa suka sake? Ba wanda ya taɓa tambaya. A Abuja in ka ce "su" ka ɗaga gira, kowa yana da wanda zai saka a gurbin.

Takardar nan kuwa ta maganin hawan jini ce, wadda likita ya rubuta masa tun kafin a buɗe tashar. Ranar farko cika baki ne kawai ya ɗebe shi, ya kai bakin rami bai san yadda zai dawo ba, sai Allah ya kawo ɗif. Wunin ranar wayarsa ba ta huta ba. Tun daga nan bai sake shirya abin da ya wuce shafi ɗaya ba. Amma kada a zalunce shi, shi ma ya yarda katse shi ake yi. Abin da ya fi yi masa daɗi ma ba yabon jama'a ba ne. Tunanin nan ne cewa akwai wani babba, a wani ofis mai sanyi, da yake ture aikinsa duk Talata don ya saurari Manniru, har ya ji tsoro ya sa a danna wani abu. Shekara ashirin ya yi yana akawu ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa, ko a kan launin labule.

Babbar masoyiyarsa ita ce Madam Angela, dillaliyar lemo a kasuwar Zuba, shugabar ƙungiyar masu sauraron shirin. Ita ta tsara cewa ranar Asabar mai zuwa za a karrama shi a rumfarta, a rataya masa lambar Jarumin Gaskiya, a ci shinkafa. Har ya kai babbar rigarsa wajen mai guga.

Sai ga Nabilah. Injiniyan da ya haɗa kwamfutar tashar, wani Thaddeus, ya koma Legas, aka ɗauko ta a madadinsa. Mace ce mai 'ya'ya uku da tabarau mai kauri, ba ta rabo da kwalbar gyaɗa, kuma tana da wani mugun hali da bai dace da garin ba: in ta ga abu ya lalace sai ta nemi dalili. Talata biyu kacal ta yi a wurin aka fara rubutawa a zauren ƙungiyar masu sauraro na waya cewa dasa ta aka yi, ita ce yatsan "su". Wani har ya ce ya taɓa ganinta tana fitowa daga wata baƙar mota. Motar haya ce, amma wa ya damu.

Ranar Litinin Malam Manniru ya leƙo don a buga masa jawabin da zai yi a Zuba. Ya same ta a gaban kwamfuta tana ɓare gyaɗa.

"Malam, na gano mai katse ka," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Gabansa ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Ya waiga ya tura ƙofa, ya rage murya. "Daga sama ne?"

"Zo ka gani."

Allon baƙi ne ƙirin, ba hoto, ba abin latsawa, sai fararen layuka. Irin manhajar nan ce da ba a yi mata nuni da linzamin kwamfuta, sai dai a rubuta mata umarni ta bi. Thaddeus ya sa mata suna Shela, ita ke ɗaukar shirin kai tsaye. Nabilah ta ɗora farce a kan layin ƙarshe na Talatar da ta wuce. Kalma biyu ce da Turanci: Broken pipe.

"Bututu ya fashe," ya fassara mata, don yana son a san ya yi boko. "To ai na sha gaya wa Oga Nicholas bangon banɗakin nan yana yoyo."

"Ba na ruwa ba ne, Malam. Shela tana ɗaukar muryarka ta zuba wa kowane mai sauraro ta nasa bututun, kamar mai ban ruwa da tiyo da yawa. In mutum ɗaya ya rufe wayarsa, bututunsa ya zama ba kowa a bakinsa. Sai kwamfuta ta aiko wa Shela sigina, kamar a taɓa kafaɗar mutum a ce masa, kai, wanda kake wa magana fa ya tashi. To Thaddeus bai koya mata abin da za ta yi in an taɓa ta ba. Manhajar da ba a koya wa ba kuwa, ƙa'idar ita ce ta faɗi ta mutu nan take. Sai ta mutu da sauran masu sauraron duka."

Ya juya maganar a ransa, yana neman inda babban mutumin nan na ofis mai sanyi zai shiga. Bai ga ƙofa ba.

"Wato wani ne yake aiko da siginar."

"Ba kowa. Mutum ne ya rufe waya."

"Sa shi aka yi."

Ta juyo ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, ba katse ka ake yi ba. Tashi ake yi."

Da mari ta kwaɗa masa da ya fi sauƙi, don mari ana iya kai ƙararsa zauren ƙungiya. Ya ja kujera ya zauna.

"Kuma kusan kullum mutum ɗaya ne," ta ce. "Kana so in nuna maka sunan?"

"Ba na so."

"To shi ke nan. Ni dai na gyara, layi tara na rubuta. Yanzu in an taɓa kafaɗarta ba za ta mutu ba, kuma ba za ta yi kamar ba ta ji ba ta ci gaba da zuba ruwa a ƙasa. Za ta rufe bututun wanda ya tashi, ta rubuta an tashi, ta ci gaba da sauran. In na ƙarshe ya tashi, sai ta tattara kayanta ta rufe, ba ihu, ba jan rubutu. Ai tashin mai sauraro ba masifa ba ce da za a yi mata kururuwa. Rufewa cikin mutunci ke nan."

"Mutuncin wa?"

"Na manhajar," ta ce, ta jefa gyaɗa a baki. "Gobe awarka guda cur, Malam. Ba mai taɓa ka."

Bai taɓa jin albishir mai ɗaci irin wannan ba. Ya tashi ya nufi ofishin Oga Nicholas, ya same shi yana fara'a kamar an yi masa haihuwa.

"Malam, kongiratuleshan!" in ji Oga Nicholas. "Wannan mata ya iya aiki. Ka san akwai talla na man zafi da muke sa a minti talatin na purogiram ɗinka? Shekara biyu bai fita ba ko sau ɗaya. Mai maganin ya kusa cinye ni. Gobe ka faɗi sunan su duka, kada ka bar ko ɗaya, ina bayanka."

Oga Nicholas yana da biki a Gwagwalada gobe da safe, don haka bayan nasa zai yi nisa sosai.

Malam Manniru ya koma wajen Nabilah. Wannan karon ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Hajiya Nabilah, ba za a iya mayar da cutar ba? Na mako ɗaya tak. Bayan Asabar ki gyara abinki."

"Don me?"

"Jama'a sun saba."

"Jama'ar da ke cewa ni ce 'yar leƙen asiri? Yau da safe a makarantar 'yata wata ta ƙi amsa min gaisuwa. A'a, Malam. Ni gyara aka ɗauke ni yi. Ai sunaye uku ne kawai, minti nawa za su ci?"

Da yamma ya zauna a tsakar gidansa na Area 1 da biro da sabon littafi, da niyyar rubuta maganar awa guda. Ya cika shafin da ya saba, ya juya na biyu, biro ya tsaya. Nan ya gane cewa shekara biyu yana ɗauke da tunanin minti bakwai, yana yi masa wanka duk mako yana canja masa riga. Ya yi tunanin ƙirƙiro sunaye, ya tuna kotu. Ya yi tunanin ƙin zuwa, a ce an sace shi, har abin ya ɗan burge shi, sai ya tuna matarsa za ta faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa yana ɗaki yana shan shayi. Ƙarshe ya kwantar wa kansa da hankali da abu ɗaya. Matar nan ta san kwamfuta, amma ba ta san Abuja ba. Ta yiwu bututun gaskiya ne, kuma "su" ɗin ma gaskiya ne. Gobe za su zo.

Washegari ya shiga situdiyo da ƙarfin hali na aro. Akwai gilashi tsakaninsa da teburin Nabilah, ya yi mata alama ta juyo masa da allon. "Juyo min da shi, in ga ƙaryarki da idona."

Ta juyo masa. Masu sauraro da suna suke shiga, ga su nan suna jeruwa: Wisdom Tifa, Baba Siminti, Perpetual Area 10, Angela Lemo. Mutum arba'in da biyu. Bai taɓa sanin yawansu ba, a ransa dubbai ne, amma ya ce wa kansa manya ba sa rubuta suna.

Ya yi gaisuwa. Ya faro daga kuɗin mota, ya sauka a kan kwalbati. Murya ta hau yadda ta saba. Ya zaro takarda ya kaɗa. "Sunaye uku ne a nan. Yau sai na faɗa!" Ya yi tari biyu. Ya kai hannu ga ruwa. Sai wani sabon layi ya fito a ƙasan allon, fari, ba hayaniya:

Angela Lemo: an tashi. Saura 41.

Agogo ya nuna sha ɗaya da minti bakwai. Kofin ya tsaya a bakinsa. Ya dubi Nabilah ta cikin gilashi, ta gyaɗa masa kai sau ɗaya, irin na wanda ke cewa, to ga shi, ai na so in nuna maka. Sai abubuwa suka riƙa dawo masa. Madam Angela tana iya maimaita masa gaisuwarsa kalma da kalma. Madam Angela ce da bakinta ta taɓa ce masa motar lemonta daga Binuwai duk Talata take isowa, sha ɗaya da 'yan mintuna. Shekara biyu yana fafatawa da gwamnati, ashe da motar lemo yake.

Kuma fitilar makirfo tana nan a kunne. Mutum arba'in da ɗaya sun kasa kunne, karo na farko a tarihi, suna jiran abin da ke bayan ƙofar da kullum ake rufe musu.

"Suna na farko," in ji Malam Manniru. Ya kaɗa takarda. "Suna na farko, jama'a, suna ne da in kun ji shi za ku ce ashe. Akwai harafin a a cikinsa."

Ba wanda ya tashi. 

"Amma kafin nan, adalci ne mu tambayi kanmu, mene ne ma kwalbati?"

Saura 39. Ya bayyana kwalbati, tsawonsa da faɗinsa, da bambancinsa da gada. Saura 33. Ya tuna bai gai da masu kifi na Kado ba, ya gaishe su, ya haɗa da masu gyaran waya, da duk wanda ke kwance a asibiti. Saura 24. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ladabin na'urar. Da ihu take yi, da ja take rubutawa, da ya samu abokin faɗa. Ita kuwa sai ta rubuta an tashi, ta rage ɗaya, ta ci gaba da kai muryarsa ga sauran, kamar mai raba abinci a gidan biki da ba ruwansa da wanda ya ture kwano.

Wisdom Tifa, wanda ya taɓa rantsuwa zai tare harsashi saboda shi, ya tashi a minti na goma sha huɗu. Baba Siminti ya bi shi. Malam Manniru ya dawo kan suna na farko, ya ƙara musu da cewa mai sunan yana sa hula wani lokaci. Saura 11. Ya ɗaga ido sama yana jiran ɗif, yana roƙon ɗif a zuciyarsa yadda manomi ke roƙon ruwa. Ko wutar lantarki, da ba ta taɓa ƙin ɗaukewa in ana buƙatarta ba, ranar nan ta tsaya daram.

Da ya ga saura shida sai ya cire tabaransa ya kife a tebur. Allon ya zama hazo. Ya rufe ido ma gaba ɗaya. Ya yi ta kame-kame na wani lokaci, ya sake bayyana kwalbati, ya sake gaisuwa, har kalmomin aro suka ƙare masa tas. Shiru ya ratsa, irin shirun da ba a yi a rediyo. A cikin shirun nan ya ji tsoro ya sake shi, gajiya ta maye gurbinsa. Mutum shida ne, ya ce a ransa. Waɗanda suka jure wannan shirme har yanzu sun cancanci a ba su wani abu. Kuma abu ɗaya ne tak yake da shi.

"Jama'a," ya ce, da wata murya da ba ta shirin ba, muryarsa ta gida. "Takardar nan ta maganin hawan jini ce. Ba sunan kowa a ciki sai na ƙwaya."

Ya ajiye ta. Ya ba su labarin wata Alhamis, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin yana akawu. Ogansa ya miƙo masa fayil na wani kwalbati a wani ƙauye can bayan Dei-Dei, ya ce a buga hatimin an kammala. Bai je ya gani ba. Bai tambaya ba. Ya hura wa hatimin iska ya buga, ya sa hannu, har yana jin daɗin yadda sa hannun ya fito da kyau. Da damina ta zo, ruwa ya cika rafin, wani manomi mai suna Godfrey ya zo tsallakawa da babur da doya a baya, ta inda takarda ta ce akwai kwalbati. An samu babur ɗin bayan kwana biyu. Matarsa ta zo ofis sau uku da goyo, shi ne ya ce mata oga ba ya nan, sau ukun duka.

"Ban san sunan wani babba ba," ya ce. Hawaye na bin gefen hancinsa, bai share ba. "Na yi muku alkawarin sunaye uku. Ga su. Manniru. Isiyaku. Bako. Mutum ɗaya ne, shi ne yake muku magana. Ku faɗa wa Madam Angela ta bar shinkafarta."

Ya jingina da kujera. Ya san ya kashe kansa, ba Asabar, ba lamba, wataƙila ma sai ya bar Area 1. Amma ƙirjinsa ya yi sakayau yadda bai yi ba tun ranar hatimin nan, har ya ji wani ɗan alfahari yana ɗagowa, don halin mutum ba ya mutuwa a awa guda. Ya ce a ransa, yau dai an ji Manniru. Ya lalubo tabarau ya saka.

Layi ɗaya ne a ƙasan allon.

11:23. Babu mai sauraro. An rufe lafiya.

Ya dubi agogon bango. Sha biyu saura minti tara. Ya sake duban allon, ya ƙirga da yatsa, ko da yake lissafin ba ya buƙatar yatsa. Lokacin da na'urar ta tattara kayanta, shi yana kan bayyana kwalbati karo na biyu.

Ta cikin gilashi ya hango Nabilah ta juya baya, abin kunnenta a rataye a jikin kujera, tana warware wata igiyar waya da ta cukurkuɗe. Ya fito ya same ta.

"Kin ji?"

"Me?"

"Abin da na faɗa. Daga ƙarshe."

"Ayya, yi haƙuri, Malam. Da na ga ta rufe ni ma na cire. Na yi ta ɗaga maka hannu, idonka a rufe, na ce bari in ƙyale ka ka ƙarasa, tunda ba ka taɓa samu ba." Ta dube shi da kyau. "Lafiya? Idonka ya yi ja."

"An ɗauka? Akwai rikodin?"

"Ai kai ka hana a riƙa ɗauka. Thaddeus ya rubuta a littafi, wai kada ya faɗa hannunsu." Ta koma kan igiyarta. "Amma ka ga yadda ta rufe? Ko tari ba ta yi ba."

Wayarsa ta fara rawa a aljihu. Zauren ƙungiya ne. Wisdom Tifa ya rubuta, Allah ya isa, sun sake yanke shi yana gab da faɗa. Baba Siminti ya ce shi da kunnensa ya ji lokacin da aka danna abin. Perpetual ta sa hoton wuta guda biyar. Mutum arba'in da biyu, kowa ya rufe wayarsa da yatsansa, kuma ba ko ɗaya da zai yarda a ce shi ne ya gaji da Jarumin Gaskiya ana saura kwana huɗu a rataya masa lamba. Har wani ya ƙara da cewa a sa ido a kan matar nan mai tabarau.

Yana saukowa daga bene kiran Madam Angela ya shigo. Hayaniyar Zuba ta riga muryarta isowa, ana ihun a matsa da baro.

"Oga Manniru! Sun sake yanke ka, ko? Mugaye! Ni ina ji da kunnena, kana cewa yau sai na faɗa, kawai sai shiru. Kada ka damu, Asabar za mu nuna musu. Na sa a yanka kaji."

Ya tsaya a kan matakala, gaban masu fotokwafi. Ya ga hanya biyu a gabansa, kuma abin mamaki, ya zaɓi mai wuyar. Tunda ya iya faɗa sau ɗaya, zai iya faɗa sau biyu.

"Madam, ki saurare ni da kyau. Ba wanda ya yanke ni. Sunayen nan uku da nake cewa, na faɗe su yau, kuma ba na kowa ba ne illa..."

"Oga, riƙe maganar, ana sauke lemo, waɗannan yara za su fasa min buhu. Kai! Kai mai jan riga!"

Ƙit.

Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne. Har ya buɗe baki zai ce "sun sake", don bakin ya saba, sai ya rufe shi. Ya sauke wayar a hankali ya mayar aljihu, kusa da takardar magani. Mai fotokwafi ya ɗago masa hannu da jinjina, ya ce, "Sai ka faɗa, Malam!" Ya gyaɗa masa kai.

Daga nan ya tare keke mai ƙafa uku, ya ce a kai shi wajen mai guga, don an ce masa rigar za ta fito kafin azahar.